Kan mai zanen Landan da ke son aska takwas

Kai Sani, wai wata mai zane a Landan ta turo maka saƙo tana so ka ɗinka mata aska takwas, wato zanen ɗinkin gaban babbar riga, da dagin Arewa a kan ƙyalle zalla ta haɗa da fentinta, kana tambaya ko ka karɓa. Karɓa mana, aiki ne. Victor Ekpuk yana can Washington yana cin abinci da alamomin nsibidi na kudu maso gabashin ƙasar nan, Owusu-Ankomah ɗan Gana ya yi suna a Jamus da alamomin adinkra na ƙasarsu, kayan gidansu suka ɗauka suka fita da shi. Namu ma ya isa a gani.

Yadda ake fitar da zanen kam ba zan tsaya koya maka ba, wanda bai iya wannan ba ya koma wankin mota.

Amma ka saurare ni da kyau. Wani ya taɓa zuwa nan shagona a Bauchi Road, ɗan ƙasar nan ne mazaunin Ingila, bakinsa kamar zuma, Baba kaza Baba kaza, ya ce ɗinkin tambari da aska irin na babbar riga yake so manya, da zaren tsamiya, ba na kanti ba. Na yi wata da watanni a duƙe cikin sanyin Jos yatsu na ƙagewa, har aikin Sallah na mutane na mayar saboda shi. Ya ba da kafin alƙalami, ya kwashe kaya, ya roƙi takardar zanen mahaifina wai zai ɗauki hoto ya dawo da ita. Har yau ba cikon kuɗi ba takarda. Sai ɗan ƙanwata ya nuno min a Instagram, ga aikina cikin gilashi a bango Turawa na tsaye suna kallo, sunansa kaɗai a ƙasa. Kuma wallahi a kife ya rataye, tsinin aska na kallon sama! Takardar nan ta fi min ciwo, da hannunsa mahaifina ya ja ta da tawada.

Ku yaran yanzu da an ce dala sai hankalinku ya tashi, ku tura komai a waya kyauta don a ce muku kun iya. Ka ce ta biya rabi kafin ka zura allura, sauran kafin kaya su bar Jos, kuma ta rubuta cewa sunanka zai fito duk inda aka kafa aikin. Samfurin shago kuwa ko hotonsa kar ya fita sai na gani.