Fatawa: Maƙwabtana 'yan Latino za su karrama ni kan abincin da nake ba ƙungiyarsu

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗan zangon Kumasi ne, shekarata goma sha huɗu a unguwar Bronx ta birnin New York, ina da ɗan kantin kayan abinci. Yawancin maƙwabtana da masu saye a wurina 'yan Jamhuriyar Dominikan ne da 'yan Puerto Rico, Kiristoci. Suna da wata ƙungiya mai raba abinci kyauta kowace Asabar a ɗakin ƙasa na wani coci. Shekara uku ke nan ina ba su shinkafa da wake da man girki. Bana sun aiko mini da takarda cewa za su karrama ni a liyafar tara kuɗinsu ta watan Oktoba, a kira sunana a ba ni allon yabo. Wani abokina ya ce ba ni da lada tun da coci nake kai kayan, karɓar yabon kuma riya ce. Mene ne gaskiya? Zan iya lissafa abin da nake ba su cikin zakkata? Sannan suna sayar da wani tikiti da suke kira rifa, wanda aka ciri lambarsa ya ci talabijin, ya halatta in saya?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Alhaji, abokinka ya yi gaggawa. Abincin da kake bayarwa sadaka ce ingantacciya, muna kuma fatan kana da cikakken ladanta. Allah Maɗaukaki Ya ce a Suratul Mumtahana aya ta 8 ba Ya hana mu kyautatawa da yin adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa mahaifiyar Asma'u 'yar Abubakar ta zo mata Madina tana mushirika, tana son a taimaka mata, Asma'u ta tambayi Annabi (SAW), ya ce e, ta sada zumunci da mahaifiyarta. A Suratul Insan aya ta 8 an yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme, kamammun wancan lokaci kuwa ba Musulmi ba ne. In har wanda aka kamo a fagen fama ciyar da shi ibada ce, ina ga tsohuwar da ke gaishe ka kullum a ƙofar kantinka? Ga kuma haƙƙin maƙwabtaka. Abu Dawud da Tirmizi sun kawo cewa an yanka akuya a gidan Abdullahi ɗan Amru, yana shigowa ya fara tambaya ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude, ya kafa hujja da faɗin Annabi (SAW) cewa Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sa shi cikin magada.

Batun coci shi ne ya ruɗi abokinka, amma hukunci yana bin inda dukiyar ta ƙare. Shinkafarka a cikin mai jin yunwa take ƙarewa, ɗakin ƙasan nan wurin ajiya ne da rabo. Abin da bai halatta ba shi ne ka ba da kuɗi don gina wurin bautar wanin Allah, ko sayen kayan ibadarsu, ko ɗaukar nauyin wa'azinsu, saboda aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta ce a taimaki juna kan alheri da taƙawa, kada a taimaki juna kan saɓo. Tun da kaya kake bayarwa, wannan damuwar ba ta taso ba. Ranar da ka so ba da tsabar kuɗi, ka faɗa musu a fili na abinci ne.

Ina so in ɗan tsaya kan mutanen da kake zaune da su, don na lura 'yan'uwanmu da yawa a can suna kallon maƙwabtansu kallon baƙi, alhali al'adarsu ta bayarwa ta yi kama da tamu fiye da yadda suke zato. Ƙidayar 2020 ta nuna 'yan Latino, wato 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka irin maƙwabtanka, sun haura miliyan 62 a Amurka, a Bronx kuwa sun fi rabin jama'a. Abin da muke kira adashi, 'yan Meksiko suna ce masa tanda, 'yan Dominikan suna ce masa san. Yadda kake aika wa Kumasi kuɗin asibiti da na makaranta, haka su ma suke aikawa gida, a 2023 kaɗai abin da ya shiga Meksiko ta wannan hanya ya haura dala biliyan 63, mafi yawansa daga Amurka. Suna da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya masu haɗa kuɗi a gyara hanya ko a ja ruwa a ƙauyensu, har gwamnatin Meksiko ta taɓa kafa shirin da kowace dala ɗaya da suka tara, matakan gwamnati uku za su ƙara uku a kai, abin da ya samo asali daga jihar Zacatecas. Tun ƙarni na 19 suna da ƙungiyoyin taimakon juna masu biyan kuɗin jana'iza da na jinya, irin Alianza Hispano-Americana da aka kafa a Tucson a 1894. Kusan duk wannan bayarwa hannu da hannu ce, ba rasit, ba ta shiga lissafin masu ƙididdige kyauta a ƙasar, shi ya sa aka daɗe ana yi musu kallon masu karɓa kawai. Kafa ƙungiyoyi irin Hispanics in Philanthropy a 1983 da Hispanic Federation a New York a 1990 yana cikin ƙoƙarin gyara wannan kallo da jawo tallafi zuwa unguwanninsu. Da guguwar Maria ta afka wa Puerto Rico a Satumban 2017, wadda daga baya gwamnatin tsibirin ta amince ta yi sanadin mutuwar mutum 2,975, ita Hispanic Federation ta tara miliyoyin daloli na agaji.

Na kawo wannan ne don ka gane ma'anar allon da za su ba ka. A wurinsu kiran sunan mai bayarwa a bainar jama'a hanya ce ta nuna cewa unguwa tana riƙe da kanta, kuma da ita suke zaburar da na gaba. Oktoba ma ba haka kawai suka zaɓe shi ba, daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Oktoba watan tunawa da al'adunsu ne a Amurka. Haɗa kai da wanda ba Musulmi ba kan alheri kuwa yana da asali. Annabi (SAW) ya halarci ƙawancen Hilful Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an kafin a aiko shi, inda Ƙuraishawa suka yi alkawarin tsaya wa wanda aka zalunta, daga baya ya ce da za a kira shi zuwa irinsa a Musulunci da ya amsa. Kai kanka shaida ne, lokacin gobarar ginin Twin Parks a can Bronx ranar 9 ga Janairun 2022, da mutum 17 suka rasu, yawancinsu Musulmi 'yan asalin Gambiya, mutanen birnin iri-iri ne suka kawo ɗauki.

To, karramawar riya ce? Riya aikin zuciya ce, ita ce mutum ya yi aiki don a gani a yaba. Hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya ambaci mai dukiyar da yake cikin mutum ukun farko da za a jefa wuta saboda ya ciyar ne don a ce masa mai kyauta, an kuwa faɗa. Wannan abin tsoro ne, ba na raina shi. Haka aya ta 264 ta Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Amma kai shekara uku kana bayarwa ba wanda ya yi maka alkawarin allo, yabon daga baya ya biyo ka. An tambayi Annabi (SAW) game da mutumin da ya yi aikin alheri mutane suka yabe shi a kai, ya ce wannan bushara ce ta gaggawa ga mumini. Muslim ne ya ruwaito daga Abu Zarri. Su kuma da suke gode maka sun yi abin da shari'a take so, tun da ya zo a hadisi cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Ɓoye sadaka shi ne ya fi a asali, aya ta 271 ta Baƙara ta faɗa, amma ita wannan ayar ta fara ne da cewa in kun bayyana sadakoki to madalla da hakan. Malamai sun ce bayyanawa tana iya fin ɓoyewa in za a yi koyi da mai bayarwar. Dalilinsu hadisin Jarir ɗan Abdullahi a Muslim: wasu mutanen ƙabilar Mudar suka zo Madina cikin tsumma, fuskar Annabi (SAW) ta canza, ya tara jama'a ya kwaɗaitar da su. Wani mutumin Madina ya zo da ƙunshin da hannunsa ya kusa kasa ɗauka, sai mutane suka biyo bayansa har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi, a nan ne ya faɗi hadisin wanda ya sunnanta kyakkyawar sunna yana da ladanta da ladan wanda ya yi aiki da ita. Wannan ai gidauniya ce a bainar jama'a. A shirin yaƙin Tabuka ma kowa ya san abin da Usman ya bayar.

Ra'ayina a kanka shi ne ka karɓa. A ƙasar da mutane da yawa ba su san Musulmi ba sai ta labaran talabijin, a kira wani Alhaji a gaban ɗaruruwan maƙwabta a ce shi ke ciyar da tsofaffinsu, wannan ya fi wa'azin awa guda. In an ba ka makirufo ka gode musu a taƙaice, ka ce addininka ne ya umarce ka da kula da maƙwabci. Ga ma'aunin da za ka gwada zuciyarka da shi: in baɗi ba su kira sunanka ba, buhunan za su ragu? In ka ji za su ragu, to akwai gyara, ka nemi su sakaya sunanka, ƙungiyoyin can sun saba da mai bayarwar da ba ya so a ambace shi. Allon kuma kada ka rataye shi inda duk mai shiga kanti zai gani don ya jawo maka ciniki, a nan ne niyya take saurin gurɓata. Ka kuma riƙe wata sadakar daban da ba wanda ya san da ita.

Ita liyafar akwai sharaɗi. Irin wannan taro ba a cika rasa giya da naman alade da rawa ba. Hadisi ya hana mai imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Ka sanar da su tun da wuri su ba ka teburin da ba giya, su tanadar maka kifi ko ganye, ka zo lokacin miƙa allo ka tafi kafin a buɗe filin rawa. In hakan ba zai yiwu ba, su kawo maka shi kanti ko wurin rabon abincin ranar Asabar.

Zakka kuwa a'a. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta iyakance masu cin ta kashi takwas, kuma da Annabi (SAW) ya aiki Mu'azu Yaman ya ce a karɓa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu, wato na Musulmi. Ibnul Munzir ya hakaito ijma'i cewa ba a ba wanda ba Musulmi ba zakkar dukiya don talaucinsa. Kason waɗanda ake lallashin zukatansu yana nan a mazhabarmu ta Malikiyya, amma na wanda ake sa ran musuluntarsa ne, ba ya hawa kan layin rabon abinci na kowa da kowa. Ban da haka, zakka sai da niyya lokacin fitarwa, abin da ka riga ka bayar da sunan kyauta ba ya komawa zakka daga baya, zakkar kayan kasuwanci kuma ƙimanta su ake yi a fitar da kuɗi. Sai dai kada ka ɗauka duk ɗan Latino Kirista ne. Musulmi 'yan asalin Puerto Rico sun kafa ƙungiyar Alianza Islámica a gabashin unguwar Harlem ta New York tun 1987, a Houston kuma an buɗe cibiyar Musulunci mai aiki da Sifaniyanci a 2016. Sabon musulunta da danginsa suka juya masa baya yana cikin mafi cancantar zakkarka, ka tambayi limamanku za su nuna maka su.

Rifa caca ce, ko da ribarta marayu za ta ciyar. Ka biya kuɗi, ko ka ci talabijin ko kuɗinka su tafi, wannan shi ne maisir ɗin da aya ta 90 ta Ma'ida ta haramta, kyawun manufa ba ya halatta shi. Mafita mai sauƙi ce: ka ba su kuɗin tikitin kyauta, ka ce kada a sa lambarka cikin ƙuri'a. Kada kuma ka ajiye tikitin a kantinka kana sayar musu. Amma in gwanjo suka yi na halattaccen kaya, wanda ya fi tayi ya ɗauka, wannan ciniki ne, ka saya.

Ba ka tambayi batun haraji ba, amma na san zai zo. In ƙungiyar tana da rajista ƙarƙashin sashe na 501 na dokar harajin Amurka, karɓar rasit don a rage maka haraji ba ya taɓa ladanka, haƙƙi ne da dokar ƙasa ta ba ka, matuƙar ba ka ƙara ƙimar kayan a takarda ba. In kuma mai cin gashin kanta ce ba reshen coci ba, bayanin kuɗinta na shekara da ake cikewa a fom mai lamba 990 a buɗe yake ga kowa, ka sa akawunka ya duba maka kafin ka ƙara yawan abin da kake ba su.

Wallahu a'alam.