Rasha ta koma ciniki da yuwan: in sayar da dalar da na ajiye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da yadi a Kantin Kwari, ina kuma ɗauko kaya daga birnin Gwanzu na ƙasar Sin lokaci-lokaci. Kullum ana labarin Rasha ta juya wa Turawa baya ta rungumi Sin, har sun daina ciniki da dala a tsakaninsu. 'Yan layinmu na cewa dala ta kusa mutuwa. Ina da dalar da ta isa kwantena biyu. In mayar da ita yuwan gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka mayar gaba ɗaya. Ka sayi yuwan daidai kuɗin kayan da ka riga ka yi oda, sauran ka bar shi yadda yake.

Labarin da kake ji gaskiya ne, amma rabinsa ake kawo muku. Rasha ta fara karkata gabas da gaske ne a 2014, bayan ta ƙwace Kirimiya ƙasashen Yamma suka ƙaƙaba mata takunkumi. A watan Mayun shekarar Gazprom, kamfanin iskar gas na Rasha, ya ƙulla yarjejeniyar sayar wa Sin iskar gas ta shekara 30, bututun ya fara aiki a Disambar 2019. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022, aka daskarar da kusan dala biliyan 300 na ajiyar babban bankin Rasha, aka cire wasu bankunanta daga SWIFT, tsarin da bankunan duniya ke aika wa juna saƙon biyan kuɗi, Visa da Mastercard suka dakatar da aiki a can. A 2023 cinikin Rasha da Sin ya kai dala biliyan 240, akasarinsa da yuwan da rubul. To ka ga, Alhaji, ƙofar dala aka rufe mata. Kai ba a rufe maka ba.

Ita kanta Rasha ba ta sha da daɗi ba. A Disambar 2023 Amurka ta ce za ta hukunta duk bankin waje da ya taimaka wa masana'antun yaƙin Rasha. Nan take bankunan Sin da dama suka fara jan ƙafa, kuɗin 'yan kasuwar Rasha ya riƙa maƙalewa makonni, wasu aka dawo musu da shi, alhali da yuwan suka biya. Da Indiya kuma wata matsalar ce: Rasha ta sayar mata da ɗanyen mai da yawa, ta karɓi rufi, sai a Mayun 2023 ministan harkokin wajen Rasha Sergey Lavrov ya fito ya ce biliyoyin rufi sun taru musu a bankunan Indiya ba su iya amfani da su ba. Wannan shi ne hatsarin tara kuɗin da ƙasa ɗaya kawai ke karɓa hannu bibbiyu.

Yuwan ya fi rufi nisa, amma gwamnatin Sin na riƙe da linzaminsa. Kowace safiya babban bankinsu ke yanke tsakiyar farashi, kuma ba ya barin ya gota da fiye da kashi 2 cikin 100 sama ko ƙasa. Ɗan ƙasar ma dala 50,000 aka ƙayyade masa ya canza a shekara. A ajiyar kuɗin waje ta manyan bankunan ƙasashen duniya dala ta haura rabi, yuwan kuwa kusan kashi 2 ne. Idan gobe ka so karkata zuwa Dubai ko Turkiyya, ko wata lalura ta taso a gida, dala za ka kai Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, a ƙirga maka naira nan take. Yuwan da ke asusun wani wakili a Gwanzu sai ka bi shi kana roƙo.

Inda yuwan ke da amfani shi ne wajen biyan masana'anta. Ka nemi takardar farashi biyu a rana ɗaya, ɗaya da dala, ɗaya da yuwan. Masu masana'anta kan ɗora ɗan abu a farashin dala don kare kansu daga motsin canji, wani lokaci yana zubewa idan za ka biya da kuɗinsu. Amma ka tambaya ko farashin yuwan ɗin ya haɗa da harajinsu na kashi 13 cikin 100. Masana'antar da ta fitar da kaya ta hanyar hukuma ana mayar mata da wannan haraji, shi ya sa wani lokaci farashin dala ke fin sauƙi. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa.

Sannan ka yi lissafin canji da kanka. A misali, a ce dala tana naira 1,500, kuma dala ɗaya yuwan 7.2 ce. Ka raba, yuwan ɗaya ya kama kusan naira 208. Idan mai tura kuɗi ya ce maka 215, ya ɗora naira 7. A kayan yuwan 200,000 naira miliyan 1.4 ke nan ta tafi. Kai da dala ke hannunka, kada ka kuskura ka sayar da ita a karɓi naira sannan ka sayi yuwan, aski biyu ke nan a kai ɗaya. Ka nemi farashin dala zuwa yuwan kai tsaye.

Kada kuma ka manta kuɗin jirgin ruwa da dala ake yanka shi, kwastan ma da farashin canji na hukuma suke lissafa harajin fito. Don haka ko duk kayan da yuwan ka biya, sai ka ware dalar jigila.

Akwai hanyar banki. Najeriya da Sin sun ƙulla musayar kuɗi ta yuwan biliyan 15 a 2018, aka sabunta a Disambar 2024. Ka tambayi bankinka ko zai buɗe maka Form M, takardar shigo da kaya da ake cikewa ta banki, da yuwan, nawa zai sayar maka, kwana nawa kuɗin zai ɗauka kafin ya isa. Ba ta kai hanyar 'yan tura kuɗi sauri ba, amma tana bar maka takarda.

Idan ta hannun wakili za ka biya, nan ne babban ramin. 'Yan sandan Sin sun daskarar da asusun 'yan kasuwa masu yawa, musamman a birnin kasuwanci na Yiwu, saboda kuɗin da ya shigo musu ta hannun masu canjin bayan fage ya gauraya da na damfara. Idan asusun mai masana'antarka ya daskare, zai ce bai karɓi kuɗi ba, kayanka su zauna a sito. Saboda haka ka biya asusun kamfani wanda sunansa ya yi daidai da na kan takardar farashi, ban da asusun ɗan'uwa ko na ma'aikaci. Idan an aiko maka saƙo cewa lambar asusu ta canza, kira mai masana'antar da murya kafin ka tura ko kwabo. Ka ba da kafin alƙalami kashi 30, cikon 70 sai an duba kaya kuma ka ga kwafin takardar lodin jirgi.

Idan wani ya zo maka da tayin taki ko alkamar Rasha mai araha, ya ce a biya ta wani kamfani a wata ƙasa ta uku, kai wa sashen cinikin waje na bankinka sunan kamfanin da na bankin da zai karɓi kuɗin su duba jerin takunkumi tukuna. Idan sunan na ciki, bankin da kuɗin zai ratsa ta cikinsa a hanya zai iya riƙe shi, kuma fito da shi kan ɗauki watanni.