Wayata za ta iya kai ni ƙauyukan bayan Atebubu ba tare da ɗan jagora ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar doya da masara ne a Aboabo, nan Kumasi. Na yi shekaru ina sayen kaya a Ejura da Atebubu a hannun dillalai. Bana Allah ya hore mini ƙaramar motar kaya, ina so in riƙa shiga ƙauyuka da kaina, wajen Kwame Danso da gaba, in saya a bakin gona. Yarona ya sa mini taswira a waya, ya ce ba na bukatar ɗan jagora, tauraron ɗan Adam zai kai ni duk inda nake so. Tsakani da Allah, zan iya dogara da ita a daji inda babu sabis? Daga wani mai karatu, Aboabo.

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya albarka a motar, ya tsare hanya. Aikina safiyo ne, na daɗe ina auna filaye da hanyoyin ƙauye da irin wannan na'ura, don haka ba zan raina ta ba. Yaronka ya faɗi rabin gaskiya. Wayar za ta gaya maka inda kake, ko a tsakiyar daji ne. Amma ba ta san ko hanyar da ke gabanka tana biyuwa yau ba, kuma nan ne mai mota yake shiga uku.

Abu biyu ne ke aiki a cikin wayar, mutane suna ɗaukarsu ɗaya. Na farko taurarin ne. Tsarin GPS na gwamnatin Amurka ne, taurarinsa kusan 30 suna zagaya duniya a nisan wajen kilomita 20,000 daga ƙasa, kowanne yana aiko da saƙon lokaci da inda yake. Idan wayarka ta ji aƙalla huɗu daga cikinsu, sai ta yi lissafi ta fitar da wurin da kake tsaye. Wayoyin yanzu suna jin na Turai, Galileo, da na Rasha da na Sin ma. Wannan sashe ba ya cin data, ba ruwansa da sabis. A fili inda sama take a buɗe, kuskurensa bai cika wuce 'yan mitoci ba, sai dai yana ƙaruwa a ƙarƙashin manyan itatuwa ko gindin dutse.

Na biyu taswirar ce, wato zanen hanyoyin da kake gani. Ita mutane ne suka zana ta, taurari ba su san da ita ba. Hanyoyin ƙauye da yawa daga hoton sama aka kwafe su. Mai zanen yana zaune a ofis, ya ga farin layi ya ratsa daji, ya ja masa zane. Hoton kuwa mai yiwuwa da rani aka ɗauke shi, shekaru da suka wuce. Hoton sama ba ya nuna cewa ruwa ya tafi da kwalbati, ko zaizaya ta cinye rabin hanya, ko layin nan turbar tarakta ce da ta ƙare a gonar wani. A kan titin Kumasi zuwa Techiman da Tamale dubban wayoyi ke wucewa kullum, manhajar tana koyon gudun motoci daga gare su, shi ya sa take faɗin lokacin isa kusan daidai. A bayan Kwame Danso wa zai koya mata? Sai ta yi ƙiyasi, ta ga layin da ya fi gajarta, ta ce bi nan.

Na taɓa gani da idona. Wata Satumba muna kan aiki a yankin Afram, manhajar da ke wayar direbanmu ta nuna wata yankewa da za ta rage mana tafiya. Da farko burji ne mai kyau. Can sai ciyawa ta fara tsirowa a tsakiyar hanya, daga nan ta fara sharar ƙofofin mota dama da hagu. Na leƙa ƙasa, sawun taya ɗaya ne tak, na babur. Wayar kuwa tana ta cewa mu ci gaba. Muka iso bakin rafi, bututun kwalbati biyu suna kwance a gefe cikin yashi, jan ruwa yana gudu a inda hanya take a da. Wata mata ɗauke da buhun gawayi ta tsaya ta dube mu, ta ce tun daminar bara mota ba ta ƙetare nan ba. Babu wurin juyawa, da baya da baya muka fita, yaron mota yana tafe a ƙasa yana nuna wa direba gefen rami. Duk tsawon wannan lokaci ɗigon da ke nuna inda muke a kan waya daidai yake, ko taku ɗaya bai kuskure ba.

To Alhaji, ka riƙe wannan alama ta sawu, ta fi kowace manhaja. Idan sawun mota mai ƙafa huɗu ya ɓace, ya rage na babur ko na shanu, ka tsaya tun kana da wurin juyawa. Ƙasar fadamar wajen nan baƙa ce mai danƙo, da rani tauri kamar siminti, ruwa ɗaya ya sauka ta zama taɓo. Kai kuma da motar wofi za ka shiga, da lodin doya za ka fito. Hanyar da ta bar ka ka wuce da safe tana iya riƙe ka da la'asar.

Akwai kuma maganar tafkin Volta, wadda ta shafe ka kai tsaye. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya shanye tsofaffin hanyoyi da dama. Tsohuwar hanyar arewa ta Mampong, Ejura, Atebubu a Yeji take tsayawa, sai jirgin fito ya ƙetare da mota zuwa Makango kafin a kama hanyar Salaga. Haka mai zuwa Donkorkrom ta Kwahu, sai ya jira jirgi a Adawso zuwa Ekye Amanfrom. Taswira tana iya ja maka layi a kan ruwan kamar gada ce, ta lissafa maka 'yan mintoci. Ba ta san ƙarfe nawa jirgin zai tashi ba, ko manyan motoci nawa ne a layi kafin kai. Idan wata rana kasuwa ta kai ka arewa, ka tuna kuma ana yawan buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso a wajajen Agusta da Satumba, kogin Farin Volta ya cika ya malale gonaki da hanyoyi ko da ba a yi ruwa a wurin ranar ba.

Ruwa mai gudu a kan hanya kuwa, ina roƙonka da girman Allah, kada ka gwada shi don waya ta ce miƙe. Zurfin santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, 60 yana tafiya da mafi yawan motoci har masu ƙarfi. Kuma ba ka ganin abin da ya rage na hanyar a ƙarƙashinsa. Ka jira ya janye, ko ka ga 'yan gari sun ƙetare da mota irin taka.

Sunan gari ma tarko ne. Nkwanta a harshen Twi mararraba ce, shi ya sa akwai Nkwanta a yankin Oti, akwai Duayaw Nkwanta, akwai Agona Nkwanta, ban da ƙananan da ba a kirga ba. Ƙauyukan manoma kuwa wasu ba su cikin taswira sam, wasu an rubuta su da wani suna dabam da wanda mutanen wurin ke kira. Maimakon rubuta suna, ka sa manomin ko ɗansa ya turo maka wurin da yake tsaye ta WhatsApp lokacin da ya samu sabis, ko adireshinsa na GhanaPostGPS. Wannan tsari da aka ƙaddamar a 2017 ya yanka ƙasar nan ƙananan yankuna masu kusurwa huɗu, mita 5 a kan mita 5, kowane yanki da lambarsa. Zai nuna maka ƙofar gonar daidai, amma shi ma ba zai gaya maka ta ina mota ke shiga ba.

Kafin ka bar Kumasi, ka ce wa yaron ya sauke taswirar yankin gaba ɗaya cikin wayar, daga Ejura har bakin tafki. Google Maps tana ba da damar haka, akwai kuma irin su OsmAnd da Organic Maps masu aiki ba tare da intanet ba. Ya gwada a gabanka, a kashe data a ga ko tana buɗewa. Ka sayi cajar mota mai kyau, kada ka bar wayar a rana a gaban gilashi, zafi yana kashe ta. Ka mayar da ma'aunin kilomita na mota sifiri a garin ƙarshe mai gidan mai, don ka san abin da ka ci da abin da zai dawo da kai. Safaya taya, jak, katako mai kauri na ɗora jak a laka, shebur, igiyar ja, galan na mai da na ruwan sha, a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota ta Kumasi, za ka haɗa yawancinsu a yini ɗaya. Ka gaya wa mutanen gida ƙauyen da za ka da lokacin da za su sa ran kiranka, domin inda babu sabis na kowane kamfani, lambar gaggawa 112 ma ba ta shiga. Kuma ka fito daga daji kafin magariba. Mai kuɗin sayen kaya a jiki ba ya tafiyar dare a hanyar da bai sani ba.

Sai maganar ɗan jagora, kuma a nan ban yarda da yaronka ba. Fataken da suka riƙa zuwa Salaga sayen goro suna da madugu, amma ba su taɓa tashi ba tare da jagaba a gaba ba, wanda ya san mashigi da mashaya. Kai ma tafiya biyu ko uku na farko ka ɗauki mutum. Ka sauka a Zongon Atebubu ko na Kwame Danso, ka gai da Sarkin Zongo da liman, ka faɗi abin da ya kawo ka, za a haɗa ka da yaron da ya san ƙauyukan. Ka je tasha ka zauna da direbobin da ke ɗauko doya, da masu tarakta. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya iya tambaya. Idan ka ce "wannan hanyar tana zuwa gari kaza?" za a ce maka e, domin lalle tana zuwa, a ƙafa ko a babur. Ka ce: yaushe rabon da mota ta bi ta, wace iri ce, da lodi ko wofi, rafi nawa ne a tsakani, wanne ne ba shi da gada?

A waɗannan tafiye-tafiyen na farko ne wayar za ta yi maka babban amfani. Yayin da jagoran ke nuna hanya, yaronka ya riƙa sa alama a taswira: mararrabar da ake karya hagu, mashigin da ake bi, wurin da sabis ke kamawa, gidan bakanike, gonar kowane manomi da sunansa. OsmAnd tana iya ajiye sawun tafiyar gaba ɗaya, ka bi shi ka dawo ko hadari ya rufe gari. Kafin kakar doya ta ƙare za ka ga kana da taswirar da ƙafar motarka ta taka. Ita ma, idan damina ta zagayo, ka kira mutumin ƙauyen ka ji labarin rafi kafin ka tayar da mota daga Aboabo. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai da riba.