Dashen Ƙwayoyin Guringuntsi: Me Ke Kashe Su Kafin Su Kama?

Tambaya: An ce za a yi wa ƙanena dashen ƙwayoyin guringuntsi a gwiwa, bayan raunin da ya ji a filin ƙwallo. Amma na ji an ce da yawa daga ƙwayoyin kan mutu. Gaskiya ne? Me ke kashe su? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Gaskiya ne, malam, wasu kan mutu, kuma yawan waɗanda suka rayu yana cikin abubuwan da ke shafar nasarar aikin.

A birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin aka fara wannan tiyata a jikin mutum a 1987, likitoci Mats Brittberg da Lars Peterson da abokan aikinsu suka wallafa sakamakon a 1994. Sau biyu ake shiga tiyata. Da farko a yanko guringuntsi miligiram 200 zuwa 300 daga gefen gwiwar da ba ya ɗaukar nauyi, a narkar da shi da sinadarin kolajinas, a raini ƙwayoyin a ɗakin gwaje-gwaje makonni uku zuwa shida har su kai miliyoyi. Sannan a mayar da su ramin raunin. A da, da tantanin ƙashin ƙwauri ake rufe su a ɗinke. Yanzu an fi shuka su a kan faifan kolajin (furotin da ke ba naman jiki ƙarfi) a manne da gam na fibrin.

Tushen matsalar shi ne guringuntsi ba shi da jijiyar jini. Galibi da ruwan gaɓa yake rayuwa, don haka ƙwayar da ta mutu ba mai maye gurbinta.

Mutuwar iri biyu ce. Akwai ta nan take: inda wuƙa ta bi wajen gyara bakin ramin, da inda allurar ɗinki ta huda, ƙwayoyin gefen sukan mutu, kuma dakusasshiyar wuƙa ta fi yin ɓarna. Wannan mataccen baki shi ke hana sabon nama haɗewa da tsoho. Haka nan idan aka bar gwiwa a buɗe guringuntsin ya bushe, shi ya sa ake ta yayyafa masa ruwan gishiri. Ta biyu a hankali take zuwa, cikin kwanaki: ƙwayar ce ke kashe kanta idan ta rasa abin maƙalewa, ko kumburi ya dame ta, ko jini ya kwanta a gaɓar, domin sinadarin ƙarfen da ke cikin jini guba ne gare ta. Maganin kashe zafi irin su bufibaken da lidoken ma yana kashe su idan aka zuba shi cikin gaɓa, musamman in ya daɗe.

Akwai kuma waɗanda ba su mutu ba amma sun sauya hali. Idan reno a ɗakin gwaje-gwaje ya yi tsawo, sai su daina yin kolajin nau'i na 2, wato na guringuntsi, su koma na 1, a sami nama mai kama da tabo, marar juriya.

Tambaya: Me majinyaci zai yi da kansa?

Amsa: Kada ya yi gaggawar taka ƙafa. Yawanci sai ya yi kusan makonni shida da sanda, ana lanƙwasa gwiwar a hankali don ruwan gaɓa ya zagaya ya ciyar da dashen. Komawa ƙwallo kuwa sai bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ya bar sigari, ya rage ƙiba. Idan yana da gwame ko ƙafar baka, ya tambayi likita ko za a daidaita ƙashin tukuna, domin nauyin da ya karkata gefe guda zai murƙushe dashen. Wanda amosanin gaɓɓai ya riga ya cinye masa gwiwa kuwa, wannan aiki ba nasa ba ne.