Allunan sola masu bututu da batirin da ke warin ruɓaɓɓen ƙwai

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam Injiniya. Ni tela ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Mako uku ke nan da na sayi allunan sola guda uku na hannu, waɗanda ba irin shimfiɗaɗɗun da muka saba gani ba ne. Kowane ɗaya jerin baƙaƙen bututan gilashi ne, kuma a takardar da ke liƙe an rubuta Solyndra da wat 182. Wanda ya haɗa mini ya goga wayoyin biyu suka yi tartsatsi, ya ce lafiyarsu lau. Ya kuma ce kada in ɓata kuɗi a kan regilatar, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, domin wutar rana mai sanyi ce, batir yana shan abin da yake so ya bar saura. Yanzu batirin yana ɗaukar zafi, cikinsa ya fara kumbura, ɗakin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma a ɗakin yarana suke kwana. Hankalina a tashe yake. Allunan ne ba su da kyau, ko yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa, ka fitar da yaran daga ɗakin, ka buɗe ƙofa da taga, kuma kada wani ya kusanci wurin da ashana, taba ko garwashin shayi. Sa a lulluɓe allunan da bargo ko tabarma mai kauri, a kashe duk abin da ke jan wuta daga batirin, a bar iska ta ratsa ɗakin, sannan a kwance wayoyin a fitar da shi tsakar gida cikin inuwa. Batirin da ya kumbura ya gama aiki, kada wani ya ruɗe ka da cewa za a ƙara masa ruwa ya farfaɗo.

Allunan naka ba jabu ba ne. Kamfanin Solyndra na jihar Kalifoniya a Amurka ne ya ƙera su. Gwamnatin Amurka ta tsaya masa a kan bashin dala miliyan 535 a shekarar 2009, ya kuma karye a 2011 lokacin da farashin shimfiɗaɗɗun alluna, musamman na ƙasar Sin, ya faɗi warwas. Saboda haka duk allon da ka gani mai wannan suna ya haura shekara goma, kuma babu wani garanti a bayansa. Kowane allo yana da bututu 40, a cikin kowane bututu akwai wani ƙarami da aka shafe da siririn sinadarin CIGS mai mai da hasken rana wuta, tsakaninsu kuma an cika da man silikon. Kada a ɗauka ɗaya suke da bututan dumama ruwa masu tanki a sama, domin waɗancan ko fitila ɗaya ba sa kunnawa, duk da na sha jin ana tallar su a matsayin sola mai ba da wuta.

Abin da wanda ya haɗa maka bai karanta ba yana nan a takardar da ka ambata. Ƙaramin allon da aka saba ɗora wa batir mai bolt 12 yana ba da bolt 21 ko 22 idan ba a jona shi da komai ba. Naka yana ba da tsakanin bolt 90 da 100, da ampar da bai kai uku ba. Wannan bambanci shi ne tushen matsalarka.

Maganar cewa wutar rana mai sanyi ce kuwa, ita ce ƙaryar da nake karo da ita kusan kullum, tun ma ba daga watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, kowa ya ruga sayen sola, kuma duk wanda ya mallaki sukuddireba da tef ya wayi gari injiniya. Batir ba rijiya ba ce da za ta cika ta tumbatsa. Batirin dalma mai bolt 12 yana buƙatar a tsaida cajinsa wajen bolt 14.4, sannan a sauke shi ƙasa da haka a riƙe. Idan babu abin da zai tsaida shi, allon zai ci gaba da tura masa wuta tun hantsi har la'asar, kuma wutar da ba ta da wurin zama sai ta koma farfasa ruwan batirin zuwa iskar haidurojin da iskar oksijin. Haidurojin ba ta da wari, kuma idan ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ta fashe. Warin ƙwan da kake ji wata iska ce dabam mai guba, wadda ke fita idan batir ya wuce iyaka ƙwarai. Ka ƙara da zafin Maradi na watan Afrilu da Mayu, inda ake wuce digiri 40 a inuwa, cikin ɗakin kwano a rufe, sai ka ga irin abin da aka ajiye kusa da kan yaranka. Idan batir ya fashe, ruwan asid yake watsawa, kuma fuska da ido yake fara samu.

Abin takaicin ma, ko riba ba ka ci ba. Allunanka uku, a haɗe gefe da gefe, wato wayoyin (+) a wuri ɗaya, na (−) a wuri ɗaya, suna ba da ampar takwas ko kusa da haka, batirin kuma yana janyo ƙarfinsu ƙasa zuwa bolt 13. Ka ninka, za ka samu wat ɗari da ƴan kai, daga cikin wat 546 da ka biya kuɗinsu. An yi maka tattalin kuɗin regilatar, an zubar maka da kashi huɗu cikin biyar na wutar, an kuma kashe maka batir.

Gwajin tartsatsi shi ma daga wannan jahilcin ya fito. Wutar gari tana komawa sifili sau 100 a cikin daƙiƙa ɗaya, shi ya sa tartsatsinta kan mutu da kansa. Wutar sola hanya ɗaya take bi ba ta yankewa, don haka idan ta kama tsakanin wayoyi biyu tana iya ci gaba da ci kamar walda har ta narkar da roba. Da mutumin nan ya jera allunan ukun baki da baki, wato wayar (+) ta wannan da (−) ta na gaba, da ƙarfin ya doshi bolt 300, kuma wannan yana iya kashe mutum, balle mai jiƙaƙƙen hannu da gumi a kan rufin kwano. Tartsatsi ba ya nuna komai face cewa akwai wuta, bai faɗa maka yawanta ba. Kada ka sake barin mutumin nan ya taɓa maka waya, ko da kyauta ne.

Gwaji na gaskiya da miltimita, mitar auna bolt da ampar, ake yin sa, allo ɗaya bayan ɗaya, da tsakar rana a ranar da babu hazo, bayan an goge bututan sama da ƙasa. A sa mitar a kan bolt 200 na wuta mai hanya ɗaya, a auna bakin wayoyin. Abin da ya fito ya kamata ya yi kusa da na takarda, ko ya gaza kaɗan saboda zafi. Amma kada ka tsaya a nan, domin bututan 40 a haɗe suke gefe da gefe, ko da goma sun mutu sauran za su nuna maka kusan bolt ɗin da kake tsammani. Ampar ne ke tona asiri. A lulluɓe allon, a mai da mitar kan ampar 10, a jona ta, a yaye bargon a karanta, a sake lulluɓewa kafin a cire. Idan takarda ta ce 2.7 kai kuma ka ga 1.5 a rana mai kyau, to bututu da dama sun mutu ko sun tsufa. Ka duba kowane bututu ko ya tsage ko mai yana tsatsa daga bakinsa, domin sinadarin CIGS ba ya jure danshi, kuma damina ɗaya ta isa ta ƙarasa tsagaggen bututu.

Idan sun ci gwajin, ka haɗa su gefe da gefe ka sayi regilatar irin MPPT, mai sauke bolt ɗin allo zuwa na batir ba tare da zubar da wutar ba, wadda aka rubuta tana ɗaukar bolt 150 daga allo. Ƙananan nan masu araha irin PWM da suka cika kasuwa, yawancinsu ba sa jure fiye da bolt 50, za su ƙone nan take. Kada ka ɗauki mai bolt 100, domin ƙarfin allo yana hawa da sanyi, kuma safiyar hunturu za ta iya tsallake wannan iyaka. Da batir mai bolt 12 kana buƙatar mai ampar 40. Idan ka haɗa batir biyu suka zama bolt 24, mai ampar 20 ko 30 ta wadatar, wayoyin ma ba za su yi zafi ba. Batir ake fara jonawa da regilatar kafin alluna, da fiyus kusa da batirin, da makashi na wutar sola tsakanin alluna da regilatar.

An ƙera waɗannan bututu ne don su kwanta a kan farin rufi, su sha hasken da ke dawowa daga ƙasa. A kan kwano mai tsatsa ba za ka ga wat 182 ba. Ka shafe wurin da farin fenti, ka kwantar da su tsawon bututan yana kallon kudu da arewa, ka ɗaure su da kyau saboda iskar farkon damina, kuma lokacin hunturu a riƙa goge ƙura duk mako. Idan suna da lafiya za ka iya samun kilowat-awa biyu a rana, wanda zai riƙe fitilu, fanka, talabijin da cajin salula, amma ban da dutsen guga na shagonka. Sabon batirin kuma ka yi masa ƴar rumfa mai iska a waje, nesa da inda ake kwana da inda ake girki.