Tambaya da Amsa: Shin ƙarin leɓen gardabu zai raba ni da laka a kan babur mai ƙafa huɗu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin shinkafa tsakanin Yagwa da Maga a arewacin Kamaru, kuma bara na sayi kwad, wato babur mai ƙafa huɗu, Yamaha Grizzly 700, na hannu. Wanda ya sayar mini ya riga ya sa masa manyan tayoyi. Tunda damina ta sauka, kafin in isa gona laka ta wanke ni daga ƙafa har wuya, kayan da nake ɗaurawa a baya ma ba sa tsira. Wani ɗan'uwana a Marwa ya ce in sa a kawo mini ƙarin leɓen roba da ake ɗaurawa a bakin gardabu, wato murfin nan da ke saman taya mai tare laka. Yana aiki kuwa, ko asarar kuɗi ce? Kuma zai kare injin?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba da damina mai albarka. Yana aiki, amma kai zai kare, kai da kayanka. Injin ba ruwansa da shi, kuma zan zo kan wannan. Bari mu fara da inda lakar take fitowa.

Kamfani yana yanka gardabu ne daidai da tayar da ya sa wa babur. Grizzly 700 na farko, wanda ya fito a 2007, ya zo da taya 25x8-12 a gaba da 25x10-12 a baya. Lambar farko tsayin taya ce, ta biyu faɗinta, ta uku girman wili, duka a ma'aunin inci. Duba gefen tayarka ka karanta abin da ke rubuce. Idan ta baya ta koma mai faɗin inci 12, to ta leƙo waje da inci guda, kusan santimita 2.5, in dai wilin na asali ne. Idan kuma an canza wili, ko an sa faifan ƙarfe a bayansa don a buɗa ƙafafun, leƙowar ta fi haka nesa. Wannan ɗan yankin da ya fita daga inuwar gardabu shi ne yake yi maka wanka, domin manyan haƙoran tayar laka a gefe suke, suna ɗebo ta suna watsawa sama ba abin da ya tare su.

Saboda haka kada ka fitar da ko sefa ɗaya kafin ka auna. Tsayar da babur a wuri mai daidai, ka ɗaura ɗan dutse a zare, ka sako shi daga bakin gardabu ta saman taya. Tazarar da ke tsakanin zaren da ƙarshen haƙorin taya ita ce abin da kake buƙatar rufewa, sai ka ƙara santimita biyu ko uku a kai. Ka auna kowace ƙafa daban. A gaba kuma sai ka karya kan babur har ƙarshe, dama da hagu, ka ga inda bayan tayar yake fuskanta. Yawancin lakar da ke cika takalmi da wando daga nan take fitowa, lokacin shan kwana, ta kusurwar da gardabu ya haɗu da matakin ƙafa. Leɓen da ya tsaya a sama kawai bai sauko har matakin ba, ado ne.

Yanzu ga abin da masu sayar da kayan ba za su faɗa maka ba, don ba su san ƙasarku ba. Lakar bakin kogin Logon da ta karal, baƙar ƙasar nan da ake dasa masakwa a cikinta bayan ruwa ya janye, ba ruwan taɓo ba ce da zai fantsama ya zube. Kamawa take yi, tana hawa kan 'yar'uwarta, har taya ta koma kamar turmi. Idan ka sa leɓe mai tauri wanda ya lanƙwaso ya rungumi taya, ka gina wa lakar ɗaki ke nan. Za ta cushe tsakanin taya da gardabu, nauyinta ya ja robar ƙasa, ramukan ƙusoshi su tsage, wani lokaci ma kan babur ya ƙi karyawa. Ni a wannan ƙasa na fi son leɓe mai laushi wanda ya miƙe waje kusan a kwance, wanda zai riƙa kaɗawa yana kakkaɓe kansa. Kuma kafin a huda komai, a sa ƙato ya hau, a ɗora buhu a wurin ɗaura kaya, a danna shoki har ya nutse, a tabbata akwai sararin yatsu uku aƙalla tsakanin haƙorin taya da leɓen.

Wannan ya kawo mu ga zaɓi tsakanin na kanti da na gida. Na kanti, wanda aka zuba shi don samfurin babur ɗinka, ya fi kyan gani kuma yana zama daram. Amma ka lura, jikin Grizzly ya canza a 2016, don haka wanda zai yi maka oda dole ya san shekarar babur ɗin, ba sunansa kaɗai ba. Akwai kuma masu arha da ake cewa suna shiga kowane babur. Da yawansu busasshiyar roba ce, kuma ranar Maris da Afrilu a yankinku na Arewa Mai Nisa, da zafi ke haura digiri 40, tana gasa irinta har ta riƙa karyewa da ɗan bugun reshe. Ka lanƙwasa gefenta da hannu a gaban mai kanti. In ta yi fari a wurin lanƙwasar, bar masa kayansa.

Na gida kuwa, tsohon bel mai faɗi irin na injinan masana'anta, ko labulen robar da ke bayan tayar babbar mota, ya wadatar, matuƙar kaurinsa bai wuce milimita 4 zuwa 6 ba. Wanda ya fi haka nauyi ne a kan gardabu. A fara yanka kwali a gwada shi a jikin babur har siffar ta zauna, sannan a ɗora kwalin a kan robar a yanka. Na hagu idan aka juya shi ya zama na dama. Ba zai yi kyan na kanti ba, amma ba biki za ka da shi ba.

Wajen ɗaurawa, a manta da gam. Robar jikin waɗannan babura gam ba ya kama ta kirki, ranar farko a laka zai saki. Ƙusa mai noti ake sawa, ta milimita 6, wadda ba ta tsatsa, da wosha mai faɗi sama da ƙasa, da noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi. A huda ramin ya ɗan fi ƙusar, kamar milimita 7, domin roba tana buɗewa da zafi tana tsukewa da sanyi, ramin da ya matse shi ne yake fara tsagewa. A bar santimita biyu daga baki, a jera ƙusoshin da tazarar santimita 10 zuwa 15, kan ƙusa a sama, kuma kada a ɗaure har robar ta lotsa. A leƙa bayan wurin kafin a huda, akwai wayoyi da tiyo a ɓoye. A ɓangaren salansa a bar sarari sosai, roba da zafinsa ba sa shiri. Idan za ka rataya labule a bayan tayar baya don kare kaya, ya zama gajere. Dogo, ranar da ka ja da baya a cikin rami, taya za ta taka shi ta fizge har da gardabun.

Abu ɗaya da za ka saba da shi: babur ya ƙara faɗi. A kan siririyar gaɓar fadama ko tsakanin itatuwan ƙaya, leɓen ne zai fara taɓawa, wani dalilin ke nan da na fi son mai laushi.

Sai batun injin. Lakar da ke kashe Grizzly ta ƙasa da ta gaba take shiga, inda leɓe bai kai ba. Injinsa da ruwa yake sanyaya, lagireto kuma yana gaba, daidai inda taɓo ke bugawa. Karal in ta bushe a cikin ramukansa iska ba ta wucewa, sai ka ji fanka tana ta gudu ba hutawa, fitilar zafi ta kama. A wanke shi tun lakar tana ɗanya, a zuba ruwan daga baya ya fito ta gaba, kuma ba da injin wankin mota mai ƙarfi ba, don yana kwantar da siraran ƙarafan. A duba robobin da ke rufe gaɓoɓin sandunan da ke juya tayoyi: karan shinkafa ko ƙaya in ya huda ɗaya, giris ya fita, laka ta shiga, gaɓar ta tafi. Birki ma laka mai yashi tana cin takalminsa da wuri, haka boris na ƙafa, musamman da yake manyan tayoyi sun ƙara masa nauyi. Idan ka ratsa ruwa mai zurfi ka ji injin yana kuka babur ba ya ja, ruwa ne ya shiga gidan bel ɗin da ke isar da ƙarfin injin ga tayoyi. Akwai ɗan murfin zubar da shi a ƙasan gidan, ka sa makanikenka ya nuna maka tun kafin ranar ta zo.

In kuwa awon ya nuna tayar ta leƙo fiye da santimita 10, to leɓen da zai rufe ta ya yi wa gardabu yawa. A cire faifan da aka sa a bayan wili tukuna, in akwai shi, sannan a sake aunawa.