Tambaya da Amsa: Sabon fayil ya maye gurbin tsoho, ko akwai mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce da ke zaune a Samaru, Zariya. Ina ajiye babi na uku na kundin bincikena a Google Drive, sai jiya na ɗora wani fayil na Word mai suna iri ɗaya bisa kuskure, ya maye gurbinsa. Shin aikin wata biyu ya salwanta ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, domin Google Drive ba ya shafe tsohon fayil nan take idan an ɗora sabo a kansa, yakan adana shi a matsayin tsohon zubi, wato kwafin fayil ɗin na baya, na tsawon kwana 30, ko har zubin ya kai 100, duk wanda ya riga zuwa. Ki buɗe shafin Google Drive a kwamfuta, wadda ta fi waya sauƙi a wannan aiki, ki danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, ki nemi wurin da ake sarrafa tsofaffin zubi. Za ki ga kowanne da rana da lokacin da aka ɗora shi.

Shawarata ita ce ki fara sauke zubin da ya gabaci na jiya, ki buɗe ki tabbatar shi ne, sannan ki sake masa suna kafin ki mayar da shi. Akwai kuma zaɓin riƙe zubi har abada, kuma babin kundi ya cancanci hakan.